Tambaya ta Goma Sha Ɗaya

Daga hayin teku takardar ta iso mana,
tambayoyi a jere, kowace da gurbin amsa.
Aka ce mu sa mata harshenmu,
mu gwada ta nan Hue, a ɗakin masu ciwon zuciya.

Ni da Dieu Hien muka juya ta,
wani malami da bai taɓa ganin asalin ba
ya mai da ita harshen da ta fito.
Da aka jera su, sai ga “kula da kai”
ta tafi da ƙafafunta, ta dawo a goye a baya.

Tsoho Khiem ne na bakwai a jerina.
Shekara arba'in yana tuƙa kwalekwale a kogin Huong,
yau taku goma zuwa bakin ƙofa
sai ya dafa bango yana haki
kamar mai hawan dutse da kaya.

“Kana auna nauyinka kowace safiya?”
Ya ce, “Sikeli ɗaya ne a layinmu,
na mai sayar da shinkafa.
In na hau, nawa za ta yi mini kilo?”
Matarsa Lua ta kare baki tana dariya.

Ta ce, “Ni takalminsa nake dubawa.
Ran da ƙafa ta ƙi shiga, ruwa ya taru,
sai mu kama hanya.”
Na duba takarda sama da ƙasa, ba gurbin takalmi.
Na rubuta shi a gefe, can wajen iyaka,
inda na'ura ba ta ƙidaya.

Tambaya ta goma sha ɗaya:
“In ka je gidan mutane, kana cewa a rage gishiri?”
Ya dube ni kamar na taka kabarin kakansa.
“Ranar tunawa da mahaifin maƙwabcina,
an ajiye mini kwano, romon kifi na tashin ƙamshi,
in buɗe baki in ce a sake miya?
Kumburin ƙafa kwana uku ne, 'yata.
Wane kanti ake sayar da ƙwayar kunya?”

“Daga ɗaya zuwa biyar, ina ƙarfin gwiwarka?”
Uku. Na gabansa ma uku. Na bayansa uku.
“Biyar cika baki ne,” in ji shi,
“ɗaya kuwa butulci ne ga mai yi maka jinya.”

Muka zauna har shayi ya huce,
likita biyu, malamin harshe, da mai lissafi.
Na ce a sa “kai ko wani na gidanka”.
Mai lissafi ya ce, “In kun yi mata gyaran da ya wuce kima
ba za ta gane 'yan'uwanta na wasu ƙasashe ba.”
Aka ja, aka saki, aka ja,
dare ya same mu kowa da bakin igiya.

Bayan mako biyu na koma da sabon kwafi,
don a ga ko amsar yau za ta san ta jiya.
Ruwan sama ya cinye rabin layin.
Ya amsa daidai da na farko, ɗaya bayan ɗaya,
har na ji daɗi, na rufe alƙalami.
Na sunkuya ɗaukar lema a bakin ƙofa,
sai ga takalminsa, da sabuwar huda a maɗauri,
an yi ta da ƙusa, an shafe ta da toka.
Ya ɗora yatsa a leɓe, ya rage murya:

“Kwana huɗu ba ta yi barci ba.
Bar ta ta ga ya shiga.”

Na latsa ƙaurinsa, yatsana ya bar rami.
Na kira mota. Lua ta tsaya da takalmin a hannu,
ba ta ce masa komai ba, ba ta ce mini ba,
ta dai sa shi a jaka tare da bargon tafiya.

Ran Litinin lissafi ya fito, lamba ta yi kyau,
aka tafa, aka ce takarda ta tsaya da ƙafarta.
Na sa hannu, don ba ƙarya a ciki.
Amma har yau in na kai ta goma sha ɗaya
sai in ɗaga ido daga takarda,
in dubi ƙasa, wajen ƙofa,
kafin in ƙarasa tambaya.